Gwiwata ta yi ƙara a Ingila, aka sallame ni da farasitamol

Jama'ar gida, ku da kuke turo mini saƙo kuna cewa "ai kai ka huta, kana ƙasar likitoci", ku gyara zama.

Ƙwallo muke bugawa a nan Leeds, a irin filin roban da ake haya da awa. Na dasa ƙafa zan juya, takalmi ya kama ƙasa, jiki ya tafi, gwiwa ta tsaya. Sai ji na yi ƙas! Kafin isha'i ta cika tam. Aka kwashe ni sai sashen gaggawa, inda na kusa ganin asuba a kan kujerar roba, ga wani bugagge a gefena yana ta rera waƙa. Da layi ya zo kaina aka ɗauki hoto, likita ta ce ƙashi lafiya lau. Aka miƙo mini sanduna biyu da takarda mai zanen gwiwa, wai in sha farasitamol, in riƙa ɗora ƙanƙara, in ɗaga ƙafar sama. Ko allura ɗaya babu.

Wallahi huci nake da na fito. Mai neman bizar aiki ta dogon zama sai ya biya kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara, a dunƙule, tun bai tako ƙasar ba. Duk wannan kuɗi, a ce ƙanƙara?

Wadda ta sauke ni ita ce ma'aikaciyar gashin ƙashi da aka tura ni wurinta, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta kwantar da ni, ta ɗan lanƙwasa gwiwar, ta danne cinya da hannu ɗaya, ta jawo ƙwauri gaba da ɗayan. Da idona na ga ƙwaurin ya zamo ba tare da ya cije ba. Ta gwada lafiyayyar ƙafar, ita kuwa ta tsaya cak. Sannan ta ɗauko gwiwar roba ta buɗe mini. Ashe ƙashin cinya zaune kawai yake a kan na ƙwauri, ƙoƙon gwiwa na gaba, jijiyoyi huɗu ne suka ɗaure su: biyu a gefe da gefe, biyu sun gitta juna a ciki. Tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, su ke shanye nauyi. Tawa, jijiyar gaba cikin masu gittawar ce ake zargin ta tsinke, irin ciwon da ke zaunar da manyan 'yan ƙwallo wata tara ko fiye. Hoton ƙashi ba ya nuna ta, sai na'urar MRI, mai ɗaukar hoton jijiyoyi da naman cikin jiki. Kuma da wuya ta haɗe da kanta. In aiki ya kama, daga wata jijiyar cinya ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ake yankowa a dasa sabuwa.

Wannan bayani shi ne abin da ya fi burge ni a ƙasar nan. Babu tsawa, babu "kai likita ne?" Tambaya goma ka yi, a amsa maka goma.

Amma fa jira! Nan ne gizo ke saƙa. A ƙa'idar asibitocin gwamnatinsu, daga ranar da aka tura ka wurin ƙwararre zuwa fara magani kada ya wuce mako 18, sai dai mutane da yawa suna zarce haka. Wasiƙa ake aiko maka ta akwatin gida, kai ta leƙe kullum. Ba ka da wani ɗan uwan matar kawu da zai shigar da kai ta bayan fage. In kana gaggawa akwai masu zaman kansu, hoton kaɗai ya ci ɗaruruwan fam. Ga kaɗaici. A gida da tuni ɗaki ya cika da 'yan dubiya, wannan da kunu, wancan da farfesun ƙafar sa. A nan da mazaunai nake hawa bene, maƙwabcina ya ce "ayya" ya rufe ƙofarsa.

Duk da haka sai na yi mana faɗa. Mu komai targaɗe ne. Da a unguwarmu abin ya faru, ƙarti biyu za su danne ni, mai ɗori ya ja ƙafar har sai ta yi ƙara, a shafa man zafi a naɗe. To me za a mayar, alhali ba abin da ya goce? Jijiyar da ta tsinke ja ba ya haɗa ta, guringuntsin da ya yage murza ba ta ɗinke shi. Kumburi zai sauka don kansa, a ce hannun malam da albarka, gwiwa kuwa ta ci gaba da zillewa. Shekaru kaɗan a ce sanyin ƙashi ne, a koma kemis ana haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki ba lissafi har gyambon ciki ya shigo.

Ban raina masu ɗori ba, akwai waɗanda suka gada kuma suka san iyakarsu. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yara. Yaro ya faɗo daga mangwaro ya karye a gwiwar hannu, a ɗaure da kara tamau, hannu ya kumbura jini ya daina wucewa. Yana ihu ana cewa ragwanta ce. Yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, sai a lokacin a nufi asibiti, likita ya ce sai yankewa, mu kuma mu dawo muna yaɗa cewa asibiti yanke hannu suke yi. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan a Kano tun 1959, ba sai da biza ake shigarsa ba. Na san kuɗi ne ke korar mutane, amma a ƙalla a ɗauki hoto kafin kowa ya ja.

Ni dai ina nan ina atisayen da aka ba ni, ɗaga ƙafa da matse cinya safe da yamma, sallah a kan kujera. Hajiya, don Allah a daina ba masu zuwa kwalaben man shafawa, na tara sun ishe ni. In da mai tahowa, a ba shi yaji da kuka.