Injin Shinkafa Daga Sin: A Ba 'Yan Kago, Ko A Buɗe Fom M?

Assalamu alaikum. Alhaji, na ga tambayar da kuka aiko daga Auyo ta jihar Jigawa, cewa ƙungiyarku ta manoman shinkafa ta daidaita da wani kamfani a ƙasar Sin kan cikakken saitin injin gyaran shinkafa, wato mai cire tsakuwa da mai casa da mai gogewa da mai ware karyayya, kuma banki ne zai ranta muku wani ɓangare na kuɗin, sai dai kan mambobi ya rabu biyu. Wasu sun ce a miƙa wa 'yan kago, wato kamfanonin da ke haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya, su kawo har Kano, wasu kuma sun ce a buɗe Fom M, wato takardar shigo da kaya da ake buɗewa a banki, da sunan ƙungiya, a nemi ejan ya yi fito a Legas, wato ya fitar da kayan daga hannun kwastam. Na bi hanyoyin duka biyu a hidimar injinmu na nan Kura, don haka zan faɗi yadda na ga kowace.

Hanyar 'yan kago ita ce wadda 'yan kasuwar Kantin Kwari da Wambai da Sabon Gari suka saba da ita. Za ku biya mai injin, shi kuma ya kai kayan siton kamfanin kago a birnin Gwanzu na ƙasar Sin, a auna girman akwatunan da mita, wato tsawo sau faɗi sau tsayi, abin da 'yan kasuwa ke kira CBM, sannan a cusa su cikin kwantena guda tare da takalma da yadi da kayan waya na mutanen da ba ku taɓa gani ba. Kamfanin ne zai biya jirgi, shi zai yi fito, shi zai ɗauko tirela zuwa sitonsa na Kano, ku kuwa abin da ke kanku shi ne ku biya kuɗin da aka yanka kan kowace CBM ku ɗauki kayanku. Ba banki, ba kwastam, ba zuwa Legas. Wannan sauƙi ne na gaske, kuma ba zan raina shi ba, domin da shi muka kawo ƙaramin injin cire tsakuwa da buhun safaya ba tare da mun cike takarda ko ɗaya ba.

Hanya ta biyu tun farkonta aiki ne. Dole ƙungiya ta kasance da rajistar da banki ya amince da ita, da lambar biyan haraji ta TIN, da asusu a bankin da zai buɗe Fom M, wadda ita ce takardar da Babban Bankin Najeriya ya wajabta kafin a shigo da kaya ta hanyar kasuwanci. Ana buɗe ta ne kafin a yi lodi, da takardar farashi daga mai sayarwa, da inshorar kaya daga kamfanin inshora na Najeriya kamar yadda doka ta tanada, da kuma shaidar ingancin kaya ta SONCAP idan injin yana cikin abubuwan da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ke sa wa ido, kuma a can ƙasar da kayan za su taso ake yin wannan binciken. Bayan jirgi ya taso, takardun lodi su bi ta banki zuwa Hukumar Kwastam, ita kuma ta fitar da takardar PAAR, wadda ta fara bayarwa da kanta a watan Disamba na 2013, mai nuna ƙimar kayan da rukunin harajinsu. Sai an samu wannan ne ejan zai shigar da bayanin kaya, a biya kuɗin fito a banki, a buɗe kwantena a duba ko a haska ta da na'ura, a biya kamfanin jirgi da masu filin tasha, sannan a buɗe ƙofa.

Idan aka tsaya a nan, kowa zai ce ta farko ta fi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne sunan da ke kan takardu. A hanyar kago, a idon kwastam ba ku ne kuka shigo da injin ba. Takardar lodin jirgi da shaidar biyan fito duk da sunan wani suke, abin da ke hannunku rasit ne kawai na kamfanin kago. A hanyar Fom M kuwa, kowace takarda tana ɗauke da sunan ƙungiya da bayanin injin. Ga mai ƙaramin kaya wannan ba wani abu ba ne, amma ku da banki zai saka kuɗinsa, abu ne mai wuya ya saki rance kan injin da ba shi da takardar shigowa da sunan mai karɓar rancen, musamman idan injin ne jingina. Haka nan idan wani ɓangare ya iso a fashe, mai inshora da sunansa yana da wurin kai kuka, wanda ya bi kago kuwa sai abin da kamfanin ya ga dama ya rage masa, kuma sau da yawa ƙa'idar biyan diyya da ke bayan rasit ba ta kai asarar ba.

Akwai kuma haɗarin tarayya, wanda ni jiki magayi ne a kansa. Wata shekara mun aiko da injin gogewa ta hannun wani kamfanin kago, aka riƙe kwantenar a Legas saboda an tarar da kayan wani da ba su yi daidai da abin da aka rubuta ba. Namu kayan ba su da laifin komai, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari, kwantena kuma ba a sakin rabinta. Ba mu da ikon zuwa gaban kwastam mu yi magana, tunda sunanmu ba ya ko'ina, sai dai mu buga waya a ce mana a ƙara haƙuri, har kaka ta wuce shanshera tana jibge a sito. Kwantenar da ku kaɗai ke cikinta ba ta ɗaukar laifin kowa sai naku.

Sai dai naku laifin ma yana da tsada, kuma nan ne hanyar Fom M take cizo. Daga ranar da aka sauke kwantena a Apapa ko Tin Can ko sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023, agogo biyu ke fara juyawa bayan 'yan kwanakin rangwame: na kamfanin jirgi da ke cajin jinkirin kwantenarsa, abin da 'yan tasha ke kira dimorej, da na masu filin tasha da ke cajin ajiya, kuma kuɗin kullum yana hawa ne gwargwadon yadda kwanaki suka yi yawa. Kuskuren harafi guda a sunan ƙungiya, ko bayanin kaya da ya bambanta tsakanin Fom M da takardar lodi, ya isa ya cinye mako biyu ana gyara, kuma ku ne za ku biya kowace rana. Idan abin ya yi nisa, doka ta ba kwastam damar yin gwanjon kayan da aka bari suka wuce wa'adi. A hanyar kago wannan ciwon kai na kamfani ne, ko da yake ya riga ya zuba shi cikin farashin da ya yanka muku.

Batun haraji ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan ne na ga mutane suna yaudarar kansu. Najeriya tana bin jadawalin harajin bai ɗaya na ECOWAS mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Injunan sarrafawa da ɗanyun kayan masana'antu suna can ƙasa a jadawalin, kayan masarufi da aka gama haɗawa kuwa, irin takalma da tufafi, suna sama. Ana lissafin harajin ne kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin jirgi da inshora, bayan an mayar da su naira bisa canjin da kwastam ke aiki da shi, sannan a ɗora wasu ƙananan kuɗaɗe da harajin VAT na 7.5 cikin 100 ga kayan da ba a yafe wa ba. To, ɗan kago ba ya duba wannan bambanci. Farashin CBM ɗaya yake yankawa bisa abin da kwantenarsa ta saba ci, ma'ana injinku mai sauƙin haraji yana taya takalman wani biyan nasu. Da sunanku kuwa, injin zai shiga ƙarƙashin lambarsa ta jadawalin kaya na duniya, kuma injunan tsabtacewa da tantance hatsi da sarrafa shi suna ƙarƙashin lamba 8437. Idan kuka haɗo da janareta a cikin kwantenar, shi lambarsa daban ce, 8502, kuma daban za a yi masa lissafi. Duk wani sassaucin haraji da gwamnati ke bayarwa ta Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, mai sunan da ke kan takarda ne kaɗai zai iya nema.

Ina roƙon ku da ku guji ejan da zai ce zai rage muku fito ta hanyar canza lamba ko rage ƙimar kaya. Daga Legas zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, akwai jami'an kwastam na sintiri a hanya, kuma idan suka tarar da giɓi, ƙungiya za a ci tara, ba ejan ba. Ku tabbatar yana da lasisin kwastam mai rai da sunan kamfaninsa, ba na aro ba. Kuma a lura cewa ejan fito daban, mai shirya jigila daban, ko da yake kamfani ɗaya yakan yi duka biyun: na farko aikinsa a gaban kwastam yake, na biyu shi ke neman gurbi a jirgi da ɗauko kaya daga masana'anta da haɗa tirela, kuma majalisar CRFFN da aka kafa da dokar 2007 ce ke yi musu rajista.

To a ina ma'auni yake karkata? A ganina girman kaya ne ke yanke hukunci. Kwantena mai ƙafa 20 tana da cikin da ya kai kimanin CBM 33, mai ƙafa 40 kuma kimanin 67, ko da yake akwatunan katako ba sa cika ta fal. Yawancin kuɗaɗen hanyar Fom M, kamar ladan ejan da cajin tasha da tirela, ba sa raguwa don kaya sun yi kaɗan, saboda haka wanda zai kawo na'urar lantarki ɗaya mai juya inji ko ƙaramin injin CBM biyu ko uku, hasara ce ya buɗe Fom M. Amma da zarar kaya sun doshi rabin ƙaramar kwantena, kuɗin kago yakan kama na kwantena sukutum, ballantana 'yan kago sukan ƙara caji kan kaya masu nauyi irin ƙarfe. Saitin da kuka lissafa, da bututunsa da na'urorin ɗaga hatsi da allon wuta, na fi zaton zai wuce wannan iyaka. Da ni ne, da sunan ƙungiya zan kawo shi, in bar wa 'yan kago safayar da za a riƙa buƙata daga baya, irin su robar casa da rariya da bel.

Wani zai tambaya game da tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. Wannan reshe ne na hanya ta biyu, ba hanya ta uku ba. Manufarta ita ce kwantena ta taso daga bakin teku a rufe, a zo a duba ta a biya fito a Kano, inda za ku iya tsayawa da ƙafarku ku ga abin da ake yi. Sharaɗin shi ne a shirya hakan tun kafin lodi, a rubuta Kano a matsayin mazaunin ƙarshe a takardu, ba bayan jirgi ya iso ba. Ku nemi mai jigilar ya ba ku farashi biyu a rubuce, na fito a Legas da na fito a Zawaciki, kowanne har ƙofar injinku.

Na ce har ƙofar injinku ne da gangan, domin duka hanyoyin biyu sukan ƙare a Kano, Auyo kuwa da sauran tafiya. Ɗan kago zai ce ku zo sito ku ɗauka, ɗaukar kuma taku ce. Mai kwantena yana da zaɓi biyu: ko tirela ta kawo ta har gida a rufe, a sauke, a mayar da ita fanko Legas kafin a karɓi kuɗin jinginar kwantenar da kamfanin jirgi ya riƙe, ko kuma a fasa ta a Legas a ɗora akwatunan a buɗaɗɗiyar mota, wanda ya fi araha amma ya fi jawo ɓarna da ɓatan ƙananan akwatuna. Kowanne kuka zaɓa, sai kun yi hayar motar ɗaga kaya, kuma ku kun fi ni sanin yadda hanyoyin kwarin Haɗeja suke a Agusta da Satumba idan ruwa ya cika. Tafiyar teku daga Sin ta fi wata guda, ƙera injin ma yana cin nasa lokacin, ga hutun sabuwar shekarar Sinawa da ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa. Idan kuna son injin ya tarar da girbin shinkafar rani, sai ku yi lissafin daga baya zuwa gaba.

Kafin taronku na gaba, Alhaji, ku nemi mai injin ya aiko da takardar jerin akwatuna mai nuna tsawo da faɗi da tsayi da nauyin kowanne, sannan ku tambayi bankinku a rubuce irin takardun da zai nema kafin ya saki rancen. Idan kun samu, ku turo mini in taya ku fitar da jimillar CBM ɗin.