Bututun makro mai araha: ya faranta min a gida, ya ba ni kunya a ɗakin amarya

Wata huɗu ke nan da na sayi bututun nan guda uku da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da gilashinta don ɗaukar abu kusa-kusa, kuma sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya magana a kansa ba tare da na zalunci kowa ba. Waɗanda suka riga ni shiga harkar hoto sun san shi. Baƙi ne, a ɗan kwali yake zuwa, ɗaya 13mm, ɗaya 21mm, ɗaya 31mm, da 'yan ƙusoshin lantarki masu ruwan gwal a cikinsa. Kuɗinsa ma kun sani. Shagon da na saya ba zan ambata ba.

Shekara ɗaya da rabi ina bin ogana wajen biki, ina riƙe masa fitila da jaka. Da yake ni mace ce, duk abin da ya shafi ɗakin amarya ni yake turawa: lalle, takalmi, kwalaben humra, sarƙa, zobe. Mu a nan ba a musayar zobe wajen ɗaurin aure kamar yadda ake yi a coci, amma duk amaryar da ta leƙa Instagram ta ga zobe ya cika hoto, dutsensa yana walƙiya, sai ta ce ita ma a yi mata da wanda ya zo a lefe. Kyamarata Canon 600D ce ta hannu, gilashin da nake ji da shi kuma 50mm f/1.8 STM, mai buɗewa sosai ya shigar da haske da yawa. Ba ni da ƙorafi a kansa, sai dai ba ya yarda a matso kusa da abu ƙasa da santimita 35. A wannan nisan, zobe da kyar yake cin kashi ɗaya cikin biyar na faɗin hoton, in kuwa na yanke a kwamfuta sai duk ƙyallin ya mutu. Maganin gaskiya shi ne gilashin makro na 100mm, wanda aka yi musamman don ɗaukar abu kusa-kusa, amma kuɗinsa ko na hannu ya fi ƙarfin wadda ake sallama da kuɗin mota bayan an tashi daga biki. Shi ya sa da aka nuna min bututun, na ce da babu gara ba daɗi.

Makonnin farko wallahi na ji daɗinsa. Babu gilashi ko ɗaya a cikinsa, rami ne kawai da yake nisanta gilashinka daga jikin kyamara, don haka bai rage wa hotona kaifi ba. Na ari zoben gwal na Yaya da zoben azurfar Baba, kullum bayan la'asar ina bakin tagar falo. Da na 31mm zobe yake cika hoto taf. Na 13mm shi ya fi shiga raina, don yana barin wuri ga hannu da zanen lalle. Ukun a haɗe kuwa ɓata lokaci ne, zoben ma ba ya shiga gaba ɗayansa.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne yadda wurin da yake fitowa tar yake ƙanƙancewa. Ko na rufe ƙofar hasken gilashin zuwa f/8 don wurin ya ƙaru, abin da yake fita fes bai kai milimita ɗaya ba. Numfashi kaɗai ya isa ya kai saitin daga kan dutse zuwa bayan zobe. Sai na koma ɗora kyamara a kan tarin littattafai, in buɗe allon, in zuƙo sau goma, in sa ta jira daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka. Haske ma cinye shi bututun yake yi, da na 31mm sai ka nemi kusan ninki uku na abin da ka saba. Ga shi zobe madubi ne. Kwana biyu ina ganin wani ja-ja a gefen gwal ɗin Yaya ina zargin kyamara, ashe hijabina ne. Daga ranar fari ko baƙi nake sawa in zan ɗauka, in kafa farar takarda a gefe, in tsayar da zoben da ɗan kakin zuma. Ƙurar hunturu kuwa, wadda ido ba ya gani, a hoto sai ta fito kamar tsakuwa, dole in wanke zobe da tsohon buroshin haƙori mai laushi kafin komai.

Ranar da na nuna wa Baba hoton zobensa, da lambar 925 a cikinsa da duk ƙarzunan da shekaru suka bar masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ikon Allah. Wannan zoben nawa ne?" A daren nan da an tambaye ni, da na ce kowa ya je ya saya.

To, sai ranar kamun wata amarya a nan cikin gari.

Oga ya tsaya a waje wajen shirya fitilu, ya ce in shiga in yi masa kayan amarya, sannan in ɗauke ta ita kaɗai kafin ƙawaye su cika ɗakin. Minti ashirin ya ba ni. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, kuma an ɗauke wuta tun azahar. Gwal ɗin yana hannun gwaggon amarya, a cikin wata 'yar jaka da ta ɗaure a bakin zaninta. Da na roƙi zoben, ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "'Yar nan, a gabana za ki yi, kuma a hannuna za ki mayar." Na ce, "To Gwaggo, in sha Allahu ba zan daɗe ba." Gaskiyarta ce, ko ni ce haka zan yi.

Na ɗaura na 31mm. Na ajiye zoben a kan gyalen amarya kusa da taga, na jawo kaskon turaren wuta bayansa don hayaƙin ya ratsa hasken. Abin da na yi ta gwadawa ke nan a gida har na ƙware. Na ɗauki na farko, na ɗauki na biyu, na duba, murna ta kama ni. Na ɗan karkata kyamarar ƙasa don in kamo duwatsun ta sama, sai na ga inda ya kamata a rubuta f/8 ya koma F00. Na danna, ta rubuto Err 01. Duk mai Canon ya san ma'anarsa: kyamara da gilashi sun daina jin juna. Kuma laifin ba na kyamarar ba ne, ba na gilashin ba ne, ƙusoshin bututun ne suka saki, don tun a gida na lura yana ɗan yin lako-lako in gilashi ya rinjaya, na ɗauka ba komai ba ne. Irin wannan gilashin kuwa komai nasa da lantarki yake aiki. Babu inda za ka murɗa da hannu ka rufe shi, kuma ko zoben saitin da ke bakinsa, in wuta ba ta isa gare shi ba, juyawa kawai yake yi a banza.

Ban tsorata sosai ba a lokacin. Na ce hoto biyu sun isa, bari in cire bututun in koma kan amarya. Na ciro su tare daga jikin kyamara, na danna ɗan maɓallin da yake sakin gilashi daga bututu. Maɓallin ya motsa, gilashi ya ƙi juyawa. Na sake dannawa. Na danna da farce, na danna da bakin makulli. Ko gezau. Wanda bai taɓa amfani da shi ba ba zai gane girman wannan ba: muddin bututun yana manne, gilashin ba ya ganin komai sai abin da yake dab da bakinsa. Fuskar mutum a nisan taku biyu hazo ce kawai. Wato gilashina ɗaya tilo mai iya aiki a ɗaki mai duhu ya tashi daga aiki, amarya tana zaune a bakin gado an gama mata kwalliya, tana jirana.

Gwaggo ta ce, "Lafiya dai ko?" Na miƙa mata zobenta da hannu biyu na ce lafiya lau. Hannuna rawa yake yi, kuma na san ta gani. Waya ta yi ƙara, Oga ne: "Ke, kin gama? Ƙawaye fa sun fara shigowa." Na ce, "Oga, saura kaɗan." Ban iya gaya masa a gaban mutane ba.

Dole na ɗaura gilashin 18-55 ɗin da ya zo da kyamara. A ƙarshensa f/5.6 yake tsayawa, wato hasken da yake shigarwa ya gaza na f/1.8 kusan sau goma. Na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 3200, na matso da amarya jikin taga, na roƙi ƙanwarta ta haska mata fitilar waya ta bayan farin gyale. Na yi abin da zan iya. Amma da na buɗe su a kwamfuta da daddare, fuskarta duk yashi-yashi, jan lallen hannunta ya koma kamar ƙasa, zaren gwal ɗin da ke jikin leshinta ya dagule. Kwalliyar da aka yi awa biyu ana yi mata, ban kamo rabinta ba. Kamu kuwa sau ɗaya ake yi. Na yi kuka a daren nan, ba don Oga zai yi faɗa ba, sai don yarinyar ta yarda da ni, har tana ce min "Anti, ki fito da ni da kyau."

Oga bai yi faɗan da na zata ba. Cewa ya yi, "Abin da ba ki gwada a rana mai zafi ba, kar ki kai shi ɗakin amarya." Sannan ya nuna min dabarar da da na sani da ta rage min asara a wajen zoben: ka sa gilashi kai tsaye a kyamara, ka zaɓi f/8, ka danne maɓallin duba zurfin hoto da ke gefen bakin kyamarar, ka cire gilashin kana danne da shi, sai ya zauna a rufe a haka. Daga nan ko bututu bai kai wuta ba, da jikinka za ka yi saiti, ka matsa gaba ka ja baya. Dabara ce mai kyau, amma ba ta cire gilashin da ya maƙale.

Mai gyaran agogo ne ya raba su washegari. Da ya kwance, ashe wani ɗan sukurun da bai kai ƙwayar gero ba ne ya warware, shi ne yake haɗa maɓallin da ƙusar da take kulle gilashi. Na ɗauki bututun da sukurun a takarda na koma shagon. Mai shago ya juya shi ya ce, "Hajiya, kin dai matsa masa da ƙarfi ne. Mun sayar da su da yawa, ba wanda ya dawo." Na ce, "Malam, wata uku ne fa, kuma ban taɓa yar da shi ba." Ya ce kaya in ya fita ya fita. Wannan maganar ta fi lalacewar ɓata min rai. Ban je neman kuɗina ba, so nake ya amsa cewa abin yana da matsala, ko don wanda zai saya bayana.

Duk da haka, in zan faɗi gaskiya, hotuna biyun nan da na samu kafin ya mutu su ne mafi kyawun abin da na taɓa ɗauka. Hayaƙin turaren ya naɗe bayan zoben, kowane dutse ya fito daban, har lambar 21K da ke cikinsa ana karantawa. Amarya ta ɗora ɗaya a WhatsApp, kuma an ce min Gwaggo da kanta ta riƙa nuna wa mutane lambar. Ta dalilin hoton nan wasu mata biyu suka nemi lambata. Shi ya sa na kasa jefar da bututun, har akwai satin da na fara ce wa kaina wataƙila nawa ne kawai aka yi rashin sa'a.

Sai kuma na fara ganin wasu ɗige-ɗige a hotuna duk lokacin da na rufe zuwa f/11, a wuri ɗaya kullum. Na duba bakin na 21mm, wanda ko biki bai taɓa zuwa ba, na ga baƙin fentin yana gogewa yana zama gari, ga hunturu, ga yawan cirewa da mayarwa. Sai da na biya aka goge min cikin kyamara. In na haɗa wannan da kuɗin mai agogo da kuɗin motar komawa shago, arahar da na bi ta riga ta gudu. Araha dai ba ta ado, an faɗa tun kafin a haife ni. Kuma har yau in na tuna fuskar yarinyar nan a hotunan kamunta, sai in ji raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi.

Wanda yake son ya koyi ɗaukar zobe a bakin tagar gidansu, da zoben yayarsa, ba mai jiransa, zai ƙaru da shi, ni ma na ƙaru. Amma ya jijjiga shi a shago da gilashi a jiki, ya danna maɓallin sakin nan sau ashirin kafin ya biya. Na 31mm da na 21mm suna cikin kwalinsu a ƙasan akwati. Na 13mm kaɗai nake taɓawa, shi ma a kan 18-55, ba zai sake hawa 50mm ɗina ba. Na shiga adashi tun watan jiya saboda 100mm na hannu, kwasata sai bayan Sallah. Asabar mai zuwa akwai biki, kuma na riga na gaya wa Oga cewa in ana son hoton zobe, sai dai ya ara min nasa gilashin.