Na yi aiki da na'urar shata iyakar gona ta tarakta mai tuƙa kanta, ga abin da na gani

Tun bara nake son rubuta wannan amma na ce bari in yi aiki da ita sau biyu tukuna, huɗa da shuka da feshi, kada in zo in yabi abin da ban gama sani ba. Kayan da na karɓa eriya ce a kan sanda, da ƙaramar kwamfutar hannu mai manhajar zana taswira, sai wata eriyar ta biyu da ake kafawa wuri ɗaya ba ta motsi. Gaskiya na ji daɗinta kuma ban yi nadama ba, amma ta ba ni wahala a wurare biyu da ya kamata a ce mai sayarwa ya faɗa min tun farko.

Da farko na ɗauka waya ta isa, na zagaya gonar da ita a hannu, da na ɗora layin a kan hoton tauraron ɗan adam sai ga shi wani gefen ya shiga gonar maƙwabci wani gefen ya bar min kunya kusan huɗu a waje. GPS ɗin waya kuskurensa mita 3 zuwa 5 ne a fili, ya isa ya kai ka gari amma bai isa ya riƙe garma a kan layi ba. Ita wannan tana aiki da tsarin da ake kira RTK, eriyar da aka kafa ta san inda take tsaye, tana auna kuskuren siginar da ke saukowa tana turo gyara ga wadda ke yawo duk daƙiƙa, sai kuskuren ya dawo kamar santimita 2 zuwa 3. Kuma ba taurarin GPS na Amurka kaɗai take kamawa ba, har da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na China, shi ya sa ba ta cika rasa sigina ba.

Zagayen kansa shi ne aikin, kuma a nan nake roƙon duk wanda zai yi ya yi haƙuri. Inda iyaka ta miƙe sambal kusurwa biyu sun isa, ka tsaya, ka daidaita sandar har kumfar nan ta ma'auni ta zauna tsakiya, ka danna. Inda ta yi gwiwa kuwa kamar bakin kwari sai ka riƙa ɗiga alama kusa kusa, in ba haka ba manhajar ta ja maka miƙaƙƙen layi ta yanke gwiwar. A tawa na'urar idan ta kama sigina daram tana nuna kore, idan tana lilo ruwan ɗorawa. Akwai wani gefe da itatuwa suka yi layi, ina shiga ƙarƙashinsu ta koma ruwan ɗorawa, na gaji rana ta yi na danna haka nan, wallahi da na dawo washegari na sake aunawa alamun nan sun kauce fiye da taku ɗaya. Ganye na tare sigina, wani kuma ya bugi reshe ya karkato kafin ya iso. Kar a manta da abin da ke cikin gonar ma, turken lantarki, dutse, tsohuwar rijiya, kowanne a zagaye shi daban a ba shi tazara.

Na gwada ɗaukar iyakar da taraktar kanta, ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai eriyar tana tsakiyar rufi ne ba a bakin taya ba, dole ka auna da tef ka faɗa mata nisan da kuma gefen da iyakar take, dama ko hagu. Ga gangare kuma, eriya mai tsayin mita 3 daga ƙasa idan taraktar ta karkata digiri 5 kawai ta kauce wajen santimita 26, don haka in ba a saita na'urar gyaran karkata ba aikin banza ake yi.

To babban abin da ya ƙona min rai shi ne wannan. Bayan huɗa na cire eriyar da ke tsaye na ajiye, lokacin shuka na mayar da ita kusan inda take na kunna, sikirin ya nuna kore, komai lafiya. Taraktar na tashi sai na ga tana bin layi amma gabaɗaya gonar ta gusa gefe ɗaya, fiye da mita, injin shuka na neman hawa iyaka. Ashe duk lokacin da aka kunna ta sai ta sake ƙiyasta inda take da kanta, kuma ƙiyasin nan yana iya bambanta da na jiya da mita ɗaya ko biyu, duk abin da aka auna da ita sai ya bi ta. Ba ko layi ɗaya a takardar bayani da ya yi gargaɗi a kan haka, kwana biyu na rasa ina kiran waya. Yanzu na zuba kankare na kafa mata ƙarfe na dindindin, na rubuta lambobin wurin ina shigar da su da hannu, kuma na buga turke a bakin gona, kullum da safe sai na ɗora eriyar sanda a kansa na ga lamba ta yi daidai kafin in fara.

Na biyu ɗaukar fayil zuwa sikirin ɗin tarakta. Taswirar iyakar tana fitowa ne a tsarin da ake kira Shapefile, shi kuwa ba fayil ɗaya ba ne, akwai shp da shx da dbf kuma tare suke tafiya, na kwafi ɗaya a filas ta ƙi buɗewa ba ta kuma ce min me ya ɓace ba.

Amma da komai ya zauna, kai abin gwanin sha'awa ne. Ka sa alamar A a wannan kai, B a wancan, ta jera layuka gwargwadon faɗin abin da kake ja, ta ware maka wurin juyawa a bakin gona saboda ta san inda iyaka take. Da can da ido nake yi, haro mai faɗin mita 3 in na maimaita santimita 30 duk wucewa kashi 10 cikin 100 ke nan na mai da lokaci ya tafi, yanzu babu wannan, kuma ko ƙura ta tashi ko magariba ta yi layi na nan yadda yake, kafaɗata ma ta huta. Sai dai ba ta gani fa, taswira kawai take bi, in zaizaya ta ci bakin kwari bayan ka auna ba ta sani ba, ni kam hannuna na kusa da sitiyari kuma bayan ruwa mai ƙarfi sai na sake taka wannan gefen. Kuma layin nan na aiki ne, bai zama shaidar mallaka ba, shi ya sa gefen da muka haɗa iyaka na kira maƙwabcina muka taka tare, yana nuna min ina dannawa.