Rijiya ko masallaci: wanne ya fi dacewa a yi wa mamaci?

Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kin ce ke da ƙannenki kun haɗa kuɗi a nan Marwa, arewacin Kamaru, amma kun rasa wanda za ku yi masa tsakanin rijiya da masallaci.

Ta fuskar hujja, ba wanda ya gaza. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa mata rijiya, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Masallaci kuwa, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya gina shi domin Allah, Allah zai gina masa gida a Aljanna. Abin dubawa shi ne inda buƙata take, da kuma wanda zai kula da abin bayan an watse daga bikin buɗewa.

Buƙatar ruwa a ƙasarmu ba sai an faɗa ba. Damina gajera ce, da rani kuwa kogin Mayo Kaliyawo da ya ratsa Marwa yashi ne zalla, sai an tona ake samun na ɗiba. Sai dai rijiya tana da rigima. Wajen garin Mokolo ƙasa dutse ce, ana iya haƙawa a tashi a tutar babu, don haka ku rubuta yarjejeniya da mai haƙa kan wanda zai ɗauki asarar. Ku zaɓi burtsatse a kan buɗaɗɗiyar rijiya, wanda ya ga kwalarar 2010 ya san illar gurɓataccen ruwa. A gwada ruwan kuma, domin wasu wurare a kwarin kogin Mayo Tsanaga ruwan ƙasa yana da sinadarin da ke ɓata haƙoran yara. Babbar matsalar ita ce gyara: famfon tuƙa-tuƙa yana cin roba da bututu, kuma ƙauyuka nawa muka ratsa muka ga famfo ya mutu, sunan mamaci na nan raɗau a jikin siminti, awaki na kwance a gindinsa?

Masallaci ya fi haƙuri. Tabarma, buta da kuɗin wuta, masallata kan ɗauke. Amma a cikin gari, inda kiran salla uku ke haɗuwa a kunne ɗaya, ƙarin na huɗu wani lokaci raba jama'a yake yi, ga jayayyar limanci. A ƙauyen da ake salla ƙarƙashin darbejiya, ko a bakin tasha, nan ne yake da ma'ana. Filin ma a yi masa takarda gaban lawan da shaidu.

Ni dai rijiya zan ce, a ƙauyen da mata ke tafiya mai nisa neman ruwa, da sharaɗin kada ku zuba kuɗin duka a haƙa. Ku ware na gyara, mutanen wurin su naɗa masu kula. In da hali, ku bi hanyar Sayyidina Umar da filinsa na Haibara: aka tsare asalin, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, ana sadaka da amfanin. Ɗan shago ɗaya da hayarsa ke tafiya ga famfon zai rage muku wannan damuwar.

Kafin komai, ku tabbata an biya bashin Baba. In kuma cikin kuɗin akwai na gado, kada a taɓa rabon ƙananan yara, manyan ma sai wanda ya bayar da yardarsa.