Instant Pot Duo mai lita 5.7: abin da take iyawa da inda take gazawa

Mai zaman babban birni da ke fita aiki da sassafe ya dawo da daddare, abin da ya fi ba shi wahala a girki shi ne tsayuwa a kan tukunya. Don irinsa aka yi Instant Pot Duo, tukunyar lantarki mai dafa abinci da matsin tururi, wato fresha kuka, wadda ke rage wuta da kashe ta da kanta. A Kanada aka ƙirƙiro Instant Pot, ta fara shiga kasuwa a 2010, kuma Duo na cikin samfuranta da suka fi yaɗuwa. Girmanta uku ne: ƙarama mai kusan lita 3, matsakaiciya mai lita 5.7, da babba mai lita 7.6. Ta tsakiyar ce ake magana a kanta a nan. Tana jan wat 1000, nauyinta kilo 5 da ɗoriya, kuma tana cin wuri a kan kanta fiye da yadda hoto ke nunawa.

Yadda take aiki ba wani sirri ba ne. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100 na zafi komai ƙarfin wutar da aka ba shi. Idan aka rufe ruf, tururi ya rasa mafita, zafin ruwan na hawa zuwa digiri 115 zuwa 118, kuma wannan ɗan bambancin ne ke narkar da jijiyar nama ya kuma lausasa wake cikin ƙanƙanin lokaci. Fresha kuka ta kan gas takan kai digiri 121, don haka in kina bin lissafin da aka yi don ita, ki ƙara 'yan mintuna.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani, lambar da ke kan allo ba ita ce tsawon girkin ba. In kin danna minti 4 don shinkafa, agogon ba zai fara ƙirga ba sai tukunyar ta tara tururi, wanda kan ɗauki minti 8 zuwa 15, ko 20 da wani abu in ta cika da ruwan sanyi ko nama daga firiza. Bayan an gama kuma sai a jira tururin ya sauka. Shinkafar minti 4 ta zama ta kusan minti 25 ke nan, daidai da ta kan gas. Ribar ita ce a cikin mintunan nan ba ki leƙa ba, ba ki juya ba, ba ki ƙara ruwa ba, kina can kina wanka ko guga. Wanda ya saye ta don sauri a kowane irin abinci zai ji kamar an yaudare shi.

Inda take nuna bajintarta shi ne abinci mai tauri. Naman sa da aka yanka gunduwa-gunduwa yana dahuwa luguf a minti 30 zuwa 35, wutsiyar sa a minti 45 zuwa 50, cinyoyin kaza a minti 10. Farin wake da ba a jiƙa ba yana so minti 15 zuwa 20, jan wake mai siffar ƙoda kuwa 25 zuwa 30, in an jiƙa shi ya kwana kuma ƙasa da rabin haka. Tsohon wake da ya daɗe a ajiye ya fi sabo taurin kai, shi ya sa lissafi ɗaya ba ya yi wa kowane buhu daidai. Romon ƙashi da kan ci yini guda a kan wuta, a nan awa 2 ya ishe shi. Dankalin turawa da aka yanka minti 4 ne. Dafaffen ƙwai ma yana fitowa da kyau: kofi 1 na ruwa, a jera ƙwan a kan ɗan ƙarfen ɗori da ke zuwa da tukunyar, minti 5 na dahuwa, minti 5 na jira, minti 5 a ruwan sanyi, ɓawon ya riƙa salluɓewa da kansa.

Shinkafa tana da nata ƙa'idar, kuma a nan mutane da yawa ke caɓa girki. Tunda ruwa ba ya ƙonewa ya tafi iska, farar shinkafa kofi 1 ruwa kofi 1 take so, ba kofi 2 da aka saba ba. A wanke ta har ruwan ya yi garau, a tsane sosai, a dafa minti 4, a bar ta minti 10 ba a taɓa ba, sannan a saki sauran tururin a buɗe a barbaza ta da cokali mai yatsu. Ta haka take fitowa wara-wara. Shinkafa mai ruwan ƙasa wadda ba a cire dusarta ba tana buƙatar minti 22.

Sakin tururi iri biyu ne, kuma zaɓen wanda bai dace ba na ɓata abinci fiye da kuskuren minti. Akwai na gaggawa, inda ake juya makunnin murfi daga Sealing zuwa Venting (sababbin samfura maɓalli ake dannawa), tururi ya yi feshi ya ƙare cikin minti 2 ko 3. Wannan na kayan lambu ne da kifi, waɗanda ke lalacewa in sun ƙara minti ɗaya. Akwai kuma barin tukunyar ta huce da kanta har ɗan ƙarfen nan da ke tasowa a murfi ya faɗa, abin da kan ɗauki minti 10 zuwa 30 gwargwadon cikarta. Nama da wake da duk abin da ke kumfa wannan suke so. In aka saki tururi farat ɗaya a kan nama, ruwan jikinsa na fita ya bar shi da tauri. In wake ne, fatarsa ta fashe, kumfa ta biyo ta ramin tururi ta yi wa bango da kabad fenti. Sauri kan haifi nawa, don sai an tsaya goge kicin. Kada a ajiye tukunyar a ƙarƙashin kabad na katako, tururin na kumbura shi a hankali, kuma kada a rufe ramin da tsumma.

Ƙorafin da aka fi yi a kanta shi ne rubutun Burn, wato ƙonewa, da ke fitowa a allo ta daina dafawa. Ba lalacewa ta yi ba. Akwai ma'aunin zafi a ƙarƙashin tukunyar ciki, da zarar gindin ya yi zafi fiye da kima sai ya yanke wuta. Abu uku ke jawo haka. Ko dai an soya albasa da nama a ciki ba a kankare abin da ya kama ba, ko ruwan ya yi kaɗan, ko kuma miyar ta yi kauri, musamman mai tumatirin gwangwani, madara ko gari. Maganin na farko, bayan suya a zuba rabin kofi na ruwa tun tukunyar na da zafi, a kankare gindin da cokalin katako har ya yi sumul. Na biyu, kada ruwa mai tsinkewa ya gaza mililita 375 a wannan girman. Na uku kuma a jera kayan hawa-hawa: ruwa ko romo a ƙasa, nama a tsakiya, tumatir a can sama, kada a juya. Duk abin da zai kaurara miya sai an buɗe murfi ake sa shi, a danna Sauté, wato maɓallin suya, a ba shi minti 5. Miya a cikinta ba ta tsotsewa, saboda haka wadda aka zuba wa ruwa irin na tukunyar gas za ta fito tsululu, ɗanɗanonta ya yi sanyi.

Akwai kuma layin cikawa a jikin tukunyar ciki. Kashi 2 cikin 3 ne iyaka, rabi kuma ga wake da shinkafa da duk abin da ke kumbura. Wato lita 5.7 da ke jikin kwali, abin da za ki iya amfani da shi bai kai lita 4 ba. Ya ishi mutum 4 zuwa 6. Gidan da ya fi haka ya nemi babbar.

Ginin tukunyar mai kyau ne. Ta cikin ta ƙarfe ce marar tsatsa, ba ta da baƙin shafen nan da ke ɓarewa, in ta yi shatin launi-launi kuma ɗan ruwan khal ko lemon tsami na fitar da shi. Murfin ba ya buɗuwa muddin akwai matsi a ciki, wanda ke tsoron fresha kuka saboda labarin fashewa zai samu natsuwa a nan. Raunin yana ga zoben roba da ke cikin murfi. Yana riƙe wari ƙwarai: a dafa nama da tafarnuwa yau, gobe yogot ya fito da ƙamshinsu. Wanki ba ya fitar da shi duka, mafita ita ce zobe biyu, ɗaya na miya ɗaya na kayan zaƙi, a kuma riƙa kifa murfin a juye in an ajiye don ya sha iska. Zoben na saki da tsufa, ana so a canza shi bayan wata 12 zuwa 18. In kin ga tururi na tsiyaya ta gefen murfi agogo ya ƙi farawa, shi za ki fara dubawa, ko bai zauna daidai a cikin wayarsa ba, ko ya tsage. Sai ɗan mitsitsin hular roba da ke riƙe ƙarfen nan mai tasowa ta ciki. Ƙanƙantarsa ta sa yake bin ruwan wanke-wanke, kuma in babu shi tukunyar ba za ta taɓa tara tururi ba. Ɗan kofin da ke maƙale a baya yana tara ruwan raɓa, ana mantawa da shi har ya yi gansakuka.

Kwalin na cewa aiki 7 take yi. Maɓallan Soup da Meat da Bean duk abu ɗaya ne da Pressure Cook, mintuna ne kawai aka saita musu, ana iya share su. Yogot na yin kyau, tana riƙe ɗumin da ake so na awa 8 ba tangarɗa. Sauté ya isa soya albasa, amma gindin ƙarami ne, nama kilo 1 sai an kasa shi biyu ko uku, in ba haka ba ya fitar da ruwa ya koma dahuwa, kuma yana kashe kansa bayan minti 30. Dafawa a hankali, wato Slow Cook, shi ne mafi rauni, saboda wutar daga ƙasa kaɗai take zuwa. Kada ma a dafa ɗanyen jan wake da shi, yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda sai tafasa mai ƙarfi ke kashe shi. Suya cikin mai da yawa kuwa ba aikinta ba ne, littafinta ma ya hana, kuma ba abin da zai fito daga cikinta yana ƙaras-ƙaras.

Ana iya saita ta ta fara girki bayan wasu awanni, har zuwa 24, abin da ya dace da wake ko hatsi da aka bari cikin ruwa. Ɗanyen nama ko kaza ba a yi musu haka, za su lalace kafin wuta ta kama. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar dahuwa, a bar murfin yadda yake har ɗan ƙarfen ya faɗa, galibi zafin da ke ciki ya riga ya yi rabin aikin, sai a duba a ƙarasa.

Kafin a biya kuɗi a juya ta a karanta takardar da ke manne a jikinta. Wadda aka yi don Amurka da Kanada wutar bolt 120 take ci, ta Ingila da Turai kuma 220 zuwa 240. In aka jona ta 120 a soket na 230 ba tare da tiransifoma mai ɗaukar fiye da wat 1000 ba, nan take za ta ƙone. A tambayi mai sayarwa ko yana da zoben roba na wannan girman, domin na lita 7.6 ba ya shiga murfin 5.7. In an kai ta gida, a fara gwada ta da ruwa zalla kofi 3 na minti 5, a ga ƙarfen ya taso, agogo ya ƙirga, tururi ya fita ta inda ya kamata, tun lokacin mayar da ita bai wuce ba.