Koyar da aikin kayan kiɗan pop: bayani a allo ko kashe sauti?

Hanya biyu malami ke da ita ta nuna wa ɗalibai aikin kowane kayan kiɗa a ƙungiyar makaɗan pop. Ta farko, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a allo: ganguna na riƙe lokaci, jita da piyano na cika tsakiya, mawaƙi na ɗauke da karin waƙa. Ba ta cin lokaci, amma yaro kan haddace ne kawai.

Ta biyu, a kunna waƙar da aka rarrabe sautin kowane kayan kiɗanta a kwamfuta, a riƙa kashe sautin ɗaya daga cikinsu. Ni wannan na fi so, saboda jitar bes. Galibi tsirkiyarta huɗu, muryarta kuma can ƙasa take, har yara da yawa ba su san tana ciki ba. Kashe ta ɗan lokaci, za ka ga sun ɗago kai, waƙar ta zama holoƙo. Ka mayar da ita, ka ce su saurari yadda take faɗuwa tare da babbar gangar da ake takawa da ƙafa. Sai dai hanyar tana son lasifika mai kyau, don ta waya ba ta fitar da bes sosai.