Shekara guda da shafa wa motata seramik: abin da na gani tsakanin hunturu da damina

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2010, baƙa, wadda na saya 'yar Kwatano shekaru shida da suka wuce, kuma duk wanda ya taɓa riƙe baƙar mota a Kano ya san irin aikin da ya ɗauko wa kansa. Da safe za a wanke ta tana sheƙi, kafin azahar ƙura ta mayar da ita ruwan ƙasa. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wasu siraran zane-zane masu kama da saƙar gizo-gizo da suke bayyana a kan murfin inji da ƙofofi duk lokacin da rana ta haske su. Wannan ne ya kai ni wani wurin gyaran fenti da wani abokin aikina ya yaba mini, inda ake goge mota da inji sannan a shafa mata abin da suke kira seramik.

Mai wurin mutum ne mai natsuwa, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai yi maganar kuɗi ba sai da ya ɗauko wata 'yar na'ura ya auna kaurin fentin a wurare da dama. Ya nuna mini cewa fentin da aka fesa a masana'anta yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma fata ta sama mai ƙyalli, wadda ba ta da launi, ba ta kai kaurin silin gashin mutum ba. Da ya iso ƙofar baya ta hagu sai lambar ta yi tsalle ta ninka, ya ɗago ya ce, "Alhaji, nan an taɓa yi mata ciko da sabon fenti." Ni da na shekara biyar ina tuƙa motar ban taɓa sani ba, dillalin da ya sayar mini kuwa har rantsuwa ya yi cewa fentinta na farko ne.

Aikin ya ɗauki kwana uku. A rana ta farko sun wanke ta, suka bi jikinta da wani abu mai kama da yumɓu wanda yake tsince ɗigon kwalta da ƙurar da ta nutse cikin fenti. Rana ta biyu ita ce ta guga, kuma a nan ne na fahimci inda kuɗina ya tafi. Injin gugar yana kankare ɗan abu kaɗan daga fatar sama har sai ta daidaita da zurfin zane-zanen, shi ya sa suke ɓacewa, shi ya sa kuma ba aiki ba ne da za a riƙa maimaitawa kowace shekara, domin abin da aka kankare ba ya dawowa. Sun raba murfin injin biyu da tef, suka goge ɓangare guda suka kira ni in gani a ƙarƙashin fitila: ɗaya baƙi ƙirin kamar madubi, ɗayan kuma kamar an yayyafa masa toka. Seramik ɗin kansa a wata 'yar kwalba yake da ba ta fi ta turare ba. Ruwa ne mai sinadarin silika, irin wanda ake samu a yashi da gilashi, ana shafa shi kaɗan-kaɗan a goge, idan ya bushe sai ya zama wata siririyar fata da kaurinta bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. An gargaɗe ni kada ruwa ya taɓa ta a kwana na farko, kada kuma a wanke ta sai bayan mako guda. Kuɗin da na biya ya kusa kai na sababbin tayoyi huɗu, abin da ya sa uwargida ta yi kwana biyu tana kiran motar amarya.

An yi aikin a ƙarshen Oktoba, saboda haka hunturu ne ya fara gwada shi. Ƙurar da iska take kwasowa daga Hamadar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushi gare ta kamar garin alkama, kuma babu abin da zai hana ta sauka a kan mota. Wanda ya ce maka seramik yana korar ƙura bai faɗa maka gaskiya ba. Bambancin da na gani shi ne ƙurar ba ta kama jiki, idan aka watsa ruwa da ɗan ƙarfi sai mafi yawanta ta bi ruwan ta zube tun kafin a sa hannu, ruwan kuma ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza ya gangara. Wankin da a da yake cin kusan awa guda ya koma bai fi rabin haka ba.

Sai dai a wannan lokacin ne na gane cewa ni da kaina nake ɓata motata tun farko. Al'adata ce kowace safiya in sa ɗan ƙanena ya ɗauki busasshen tsumma ya kakkaɓe ta, wannan kuwa daidai yake da goge ta da takardar yashi, domin ƙurar ƙananan duwatsu ce. Haka ma wurin wankin da nake zuwa a unguwarmu: bokiti ɗaya, soso ɗaya da aka wanke taya da shi, da garin sabulu na wankin tufafi. Dole na sayi bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye soso, da tawul masu laushi irin na maikirofaiba, na kuma hana a taɓa ta a bushe. Ɗan ƙanen nawa ya ce, "Baba, wannan mota ta fi jariri son lallaɓa," ban kuma iya musa masa ba.

Akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba. Na farko ruwan rijiyar burtsatse na gidanmu, wanda yake da gishirin ƙasa da yawa. Tun da ruwa yana dunƙulewa a kan seramik, idan aka bar shi ya bushe a rana, musamman a bazara lokacin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, kowane ɗigo sai ya bar farin zobe, kuma a baƙar mota abin ya fi muni fiye da kafin a yi aikin. Sau biyu ina komawa ana cire mini su, kuma ba a faɗa mini wannan tun farko ba, alhali ya kamata a ce shi ne gargaɗin farko ga duk mai amfani da ruwan burtsatse. Yanzu sai bayan la'asar ake wanke ta, a inuwa, a tsane ta nan take.

Na biyu shi ne maganar tauri. A jikin kwalin seramik ɗin an rubuta 9H da manyan baƙaƙe, yaran wurin kuma suna faɗa wa mutane cewa ko mabuɗi ba zai karce ta ba. Wannan lamba ma'aunin taurin bakin fensir ce kawai, ba ta nufin fentin ya zama ƙarfe. Wani ɗan adaidaita sahu ya tabbatar mini da haka a cunkoson Ƙofar Ruwa, ranar da na je sayen fitilar baya, inda ya goge ni a gefen dama ya bar mini zane mai tsawon taƙi guda har ana hango farin da yake ƙarƙashi. Mai wurin seramik ɗin bai ɓoye mini ba da na koma, ya ce wannan aikin mai fenti ne, sannan sai an sake shafa seramik a wurin.

A damina kuwa na gamsu ƙwarai. Taɓo ba ya manne wa ƙasan ƙofofi kamar da, kashin tsuntsaye da 'ya'yan darbejiyar da nake ajiye motar a ƙarƙashinta a wurin aiki suna fita da jiƙaƙƙen tawul ba tare da sun ci fentin ba, muddin ban bar su sun kwana biyu ba. Bayan shekara guda, in ban da inda ɗan adaidaita sahun ya goge ni, ƙofofi da gefuna suna nan yadda aka ba ni su, amma rufi da murfin inji, waɗanda rana take duka kai tsaye, sun fara rage dunƙule ruwa, ko da yake an yi mini alkawarin shekara uku.

Ga mai sabuwar mota ko mai fenti mai kyau, wanda yake da gareji ko rumfa kuma zai iya tsayawa a kan yadda ake wanke ta, ina ganin kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba. Wanda kuwa motarsa take kwana a waje, kuma duk inda ya ga bokiti da soso nan yake miƙa mabuɗi, gara ya biya kuɗin guga kaɗai ya riƙa shafa mata kakin mota duk bayan wata biyu ko uku, zai sami mafi yawan ƙyallin da kaso kaɗan na kuɗin. Ni dai na riga na kira mai walda ya auna mini filin da ke gefen zaure, domin a kafa rumfar kwano kafin hunturun bana ya kankama.